Jita-jita da lissafi: Yadda ake musaya da sallamar 'yan wasa a gasar ƙwallon Amurka

A ranar Alhamis, 28 ga Agustan 2025, saura mako guda a buɗe kakar wasa, kulob ɗin Dallas Cowboys ya miƙa wa Green Bay Packers gwarzon ɗan wasan bayansa, Micah Parsons. A madadinsa Dallas ta karɓi wani ɗan wasan baya mai suna Kenny Clark, da guraben zaɓen sababbin 'yan wasa guda biyu na zagayen farko, ɗaya na 2026, ɗaya na 2027. Nan take Green Bay ta ƙulla kwantiragin shekara 4 da Parsons a kan dala miliyan 188. A lokacin, babu wanda ya kai shi albashi a tarihin gasar NFL in ban da masu riƙe da matsayin kwatabak, wato madugun da ke jefa ƙwallo yana jagorantar hari.

Labarin ya girgiza masoya wasan, duk da cewa an shafe watanni ana raɗe-raɗinsa. A lokacin Parsons yana da shekara 26 a duniya, kuma a kowace daga cikin kakannin wasa 4 da ya yi a Dallas ya kayar da kwatabak ɗin abokan hamayya aƙalla sau 12. Irin wannan ɗan wasa ba kasafai ake rabuwa da shi ba. Masu sharhi da dama sun ɗauka ja-in-ja ce kawai irin ta ciniki, wadda za ta ƙare da sa hannu da ɗaukar hoto.

Wanda yake son gane dalilin da ya sa wata jita-jitar take tabbata wata kuma take bin iska, sai ya kawar da kai daga hayaniyar kafafen sada zumunta ya dubi abubuwa uku: kasafin albashi, jadawalin wa'adi, da darajar guraben zaɓe. Su ne ke yanke hukunci a wannan gasa. Ita kuwa jita-jita makami ce da kowane ɓangare ke wasawa kafin a zauna ciniki.

Kasuwar da ba a biyan kuɗin sayen ɗan wasa

Mai bibiyar ƙwallon ƙafar Turai ya saba jin cewa kulob kaza ya biya fam miliyan kaza ya sayi ɗan wasa. A NFL, gasar ƙwallon Amurka mai kama da zari-ruga wadda ta ƙunshi kulob 32, ba haka tsarin yake ba. Ciniki a can na ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda ne: ɗan wasa da ɗan wasa, ko ɗan wasa da gurbin zaɓe. Kwantiragin ɗan wasan yana bin sa zuwa sabon kulob, kuma ba dole ba ne a nemi yardarsa, sai idan tun farko an rubuta masa sharaɗin hana musaya. 'Yan ƙalilan ne ke samun wannan gata. Saura kuwa, mutum zai iya kwana a matsayin ɗan kulob ɗin wani birni, ya wayi gari an ce ya haɗa kayansa zuwa wani mai nisan dubban kilomita.

Gurbin zaɓe shi ne kuɗin wannan kasuwa. A ƙarshen watan Afrilun kowace shekara kulob-kulob suna zaɓar matasan da suka fito daga jami'o'i, cikin zagaye 7, kuma wanda ya fi shan kashi a kakar da ta wuce shi ke fara zaɓa. Tun yarjejeniyar da aka ƙulla tsakanin masu kulob da ƙungiyar 'yan wasa a 2011 aka ƙayyade albashin sababbin shiga: kwantiragin shekara 4 mai rahusa, kuma ga 'yan zagayen farko kulob yana da damar ƙara shekara ta biyar. Saboda haka gurbin zagayen farko dama ce ta samun haziƙin matashi na tsawon shekara 5 a farashin da bai kai rabin na tsohon hannu ba. Duk manajan da ya bayar da irin wannan gurbi guda biyu, ya jinginar da gobensa ne don ya ci ribar yau.

Kasafin da ba a tsallakewa

Tun 1994 gasar ta sanya iyaka ga abin da kowane kulob zai kashe a albashin 'yan wasa cikin shekara. A shekarar farko iyakar ta tsaya a dala miliyan 34.6. A 2024 ta kai miliyan 255.4, a 2025 kuma miliyan 279.2. Komai arzikin mai kulob, ba shi da ikon ƙetare wannan layi. Abin da aka ba ɗan wasa ɗaya, daga bakin sauran aka cire shi.

Wannan ya haska lamarin Dallas. A Agustan 2024 ta ba mai cafke ƙwallo CeeDee Lamb kwantiragin dala miliyan 136 na shekara 4. A watan Satumban da ya biyo baya ta ba kwatabak ɗinta, Dak Prescott, miliyan 240 na shekara 4, wato miliyan 60 a shekara. Ƙara mutum na uku mai karɓar sama da miliyan 40 a shekara abu ne mai yiwuwa a lissafi, amma zai rage abin da za a raba wa sauran mutum 50.

Akwai kuma tarkon da ke cikin kasafin. Kulob yakan ba ɗan wasa dunƙulen kuɗi ranar sa hannu, sannan ya rarraba lissafinsa a kan shekarun kwantiragin, har zuwa shekara 5. Idan aka sallami ɗan wasan ko aka yi musayarsa kafin wa'adi, ragowar lissafin duka sai ya faɗo kan kasafin kulob. Shi ne suke kira mataccen kuɗi: ana cire shi daga kasafi alhali mai shi ya riga ya tafi.

Denver Broncos ta ɗanɗana wannan. A Maris ɗin 2022 ta karɓo kwatabak Russell Wilson daga Seattle Seahawks, ta bayar da guraben zagayen farko biyu, na zagaye na biyu guda biyu, da 'yan wasa uku, sannan ta ba shi kwantiragin kusan dala miliyan 245. Bayan kaka biyu marasa armashi ta sallame shi a Maris ɗin 2024, ta ɗauki mataccen kuɗi na miliyan 85, adadin da ba a taɓa ganin irinsa ba a lokacin. Wilson ya tafi Pittsburgh Steelers a kan mafi ƙarancin albashin tsofaffin 'yan wasa, dala miliyan 1.21, Denver kuma ta ci gaba da biyansa kusan miliyan 38 yana buga wa wasu. Cleveland Browns ta shiga makamancin wannan rami a watan da aka ɗauko Wilson, lokacin da ta ba Houston Texans guraben zagayen farko har uku don karɓar Deshaun Watson, ta kuma lamunce masa dala miliyan 230 gaba ɗaya, ko ya buga ko bai buga ba. Dakatarwa da raunuka sun cinye mafi yawan wasanninsa, kasafin kulob ɗin kuma ya kasance a ɗaure.

Saboda haka idan aka ji ƙishin-ƙishin cewa za a yi musayar wani tauraro, masana sukan fara duba nawa tafiyarsa za ta ci wa kulob ɗinsa. Jita-jita da yawa a nan suke mutuwa.

Masu kawo labari da masu ba su

A Amurka kawo labarin musaya sana'a ce mai zaman kanta. Fitattun masu yin ta, irin su Adam Schefter na tashar ESPN da Ian Rapoport na NFL Network, miliyoyin mutane ke bibiyarsu, kuma gasarsu ita ce wa zai riga wani da daƙiƙa 30. Kusan duk labarinsu yana jingine ne da majiyar da ba a ambaci sunanta ba. Majiyar nan ba ta wuce mutum uku: wakilin ɗan wasa, jami'in kulob, ko wani na kusa da ɗan wasan. Kowannensu yana da abin da yake nema.

Wakili yakan tsegunta cewa kulob uku suna zawarcin ɗan wasansa domin farashi ya tashi. Manaja yakan bari a ji cewa yana sauraron tayi domin ya gane ko akwai mai saye, ko kuma ya tsorata ɗan wasan da ya ƙi rage buƙata. Wani lokaci kulob ɗin da ya riga ya yanke shawarar sallamar mutum shi ke yaɗa cewa ana rububinsa, da fatan wani zai ba da ko da gurbin zagaye na bakwai ne maimakon a rasa shi a banza. Ruwa ba ya tsami banza, amma abin tambaya a kullum shi ne wa ya tsamar da shi, kuma me zai samu.

Kusancin masu kawo labari da majiyoyinsu ya taɓa jawo ce-ce-ku-ce. A Oktoban 2021 aka bankaɗo wani saƙon imel na 2011 wanda a cikinsa Schefter ya aika wa Bruce Allen, babban jami'in kulob ɗin Washington, cikakken rubutun wani rahoto kafin a wallafa shi, yana neman ya duba ko akwai gyara. Daga baya Schefter ya amince cewa ya wuce gona da iri. Lamarin ya tuna wa masu karatu cewa wanda ke rayuwa da tsegumin manya ba zai so ya ɓata musu ba.

Hukumar gasar tana da doka a kan zawarcin ɗan wasan da ke ƙarƙashin kwantiragin wani kulob. Kwana biyu kawai aka ware a watan Maris da za a tattauna da wakilan waɗanda kwantiraginsu ke dab da ƙarewa. A Agustan 2022 aka ƙwace wa Miami Dolphins gurbin zagayen farko na 2023 da na zagaye na uku na 2024, aka ci mai kulob ɗin, Stephen Ross, tarar dala miliyan 1.5, bayan bincike ya gano an tuntuɓi Tom Brady da koci Sean Payton ta bayan fage. Wato wasu raɗe-raɗin da aka yi ta musantawa, daga baya an tabbatar da gaskiyarsu.

Buƙata ɗaya, sakamako biyu

Shekarar 2025 ta ba da misalai biyu da suka fara iri ɗaya suka ƙare daban. A ranar 3 ga Fabrairu, Myles Garrett na Cleveland, wanda shi ma farautar kwatabak ce sana'arsa, ya fitar da sanarwa yana neman a yi musayarsa, yana cewa burinsa ya ci kofin Super Bowl. Kulob ɗinsa ya gama kakar 2024 da nasara 3 da rashin nasara 14. Babban manaja Andrew Berry ya tsaya kai da fata cewa ba za a rabu da shi ba. Makonni biyar aka yi ana lissafo kulob-kulob ɗin da za su ɗauke shi. A farkon Maris sai ga sanarwar sabon kwantiragi na dala miliyan 40 a shekara, haɗe da sharaɗin hana musaya. Garrett ya zauna.

Parsons ya bi wannan hanya a ranar 1 ga Agusta, ya wallafa cewa ba ya son ci gaba da zama a Dallas. Tushen rikicin ya koma watan Maris, lokacin da mai kulob ɗin, Jerry Jones, wanda kuma shi ne babban manaja, ya zauna da ɗan wasan su biyu. Jones ya tashi da fahimtar cewa an gama ciniki. Parsons ya ce hira ce kawai, kuma babu cinikin da zai kammalu ba tare da wakilinsa David Mulugheta ba. Jones ya fito fili ya nuna bai damu da wakilin ba. Parsons ya halarci sansanin atisaye amma bai shiga fili ba, yana kukan ciwon baya. Ko bayan buƙatar musayar, Jones ya shaida wa magoya baya cewa kada abin ya hana su barci. Da yake haka ya ja Lamb da Prescott har dab da fara kaka kafin ya biya su, mutane da yawa sun gaskata shi.

Bambancin shi ne, a Cleveland rigimar ta kuɗi ce, kuɗi kuma ya kashe ta. A Dallas kuwa an taɓa girman kai da amana, ga kasafi da ya riga ya yi nauyi, ga kuma mai saye a shirye da guraben zagayen farko biyu. Wata guda bayan musayar, a ranar 28 ga Satumba, Parsons ya koma filin Dallas sanye da rigar Green Bay, aka tashi kunnen doki 40 da 40.

Ranar da mutum 1,184 ke rasa gurbi

Taurari ne ke cika kanun labarai, amma hukuncin da ya fi taɓa rayuwar mutane yana zuwa ne a ƙarshen Agusta. Kowane kulob yana shiga sansanin atisaye da 'yan wasa har 90, kuma dole ya rage su zuwa 53 kafin wa'adin da aka tsayar. Mutum 37 a kulob 32 ya kama 1,184. A 2025 wa'adin ya faɗo Talata 26 ga Agusta, ƙarfe 4 na yamma agogon New York, wato 9 na dare agogon Najeriya. Bisa al'adar gasar, wani ƙaramin ma'aikaci ne ake turawa ya gaya wa ɗan wasa cewa koci na kiransa, ya taho da kundin dabarun wasa. Duk wanda ya ji wannan saƙo ya san an yi ta ta ƙare.

Abin da zai biyo baya ya danganta da shekarun aiki. Wanda ya cika kaka 4 a gasar yana da 'yancin zaɓar inda zai nufa nan take. Wanda bai kai ba, ana sanya sunansa a jerin da sauran kulob 31 za su duba har zuwa washegari, kuma idan fiye da ɗaya suka nuna sha'awa, wanda ya fi rauni a kakar baya shi ke da fifiko. Ɗan wasan ba shi da ta cewa. Idan babu mai so, zai iya samun gurbi a tawagar atisaye mai mutum 16. Tazarar da ke tsakanin matakan biyu babba ce: a 2025 mafi ƙarancin albashin sabon shiga cikin mutum 53 shi ne dala 840,000 a shekara, ɗan tawagar atisaye kuwa dala 13,000 a mako, kuma ana iya sallamarsa kowace rana.

Ba ƙwarewa kaɗai ake dubawa ba. Tsohon hannun da aka buɗe kaka yana cikin jeri, doka ta ba shi damar neman albashinsa na shekarar gaba ɗaya ko da an sallame shi daga baya. Don haka wasu kulob sukan sallame shi kafin makon farko, su dawo da shi a mako na biyu. Idan kuma matashi mai rahusa ya kusa kamo tsoho mai tsada a iyawa, sau da yawa lissafi ne ke raba gardama.

Wannan mataki na ƙasa shi ne inda Najeriya ta fi shigowa labarin. 'Yan asalin ƙasar sun daɗe a gasar, tun zamanin Christian Okoye, haifaffen Inugu, wanda ya fi kowa gudu da ƙwallo a kakar 1989 yana buga wa Kansas City Chiefs. A 2017 hukumar gasar ta buɗe shirin ɗauko 'yan wasa daga wajen Amurka. Efe Obada, wanda aka haifa a Najeriya ya girma a Landan, ya sha sallama a Dallas da Kansas City da Atlanta kafin shirin ya kai shi Carolina Panthers. A 2018 ya zama ɗan shirin na farko da ya shiga jerin mutum 53, kuma a wasansa na farko ya kayar da kwatabak ya kuma cafke ƙwallon abokan hamayya. Osi Umenyiora, wanda ya ci Super Bowl sau biyu da New York Giants, ya jagoranci neman matasa a Najeriya domin wannan shiri. Tun daga 2024 aka ba kowane kulob gurbi na 17 a tawagar atisaye, wanda aka keɓe wa ɗan ƙasar waje. Ga matashin da ya taso daga Legas ko Benin bai taɓa buga wasan a makaranta ba, wannan gurbi guda shi ne ke ba shi shekarar koyo maimakon tikitin komawa gida.

Hukuncin da sai an jima ake gane shi

Wa'adi na ƙarshe a jadawalin shi ne ranar rufe musaya, wadda tun 2024 ta koma Talatar da ke bin mako na 9 na kaka. A lokacin kowane kulob ya san matsayinsa: mai hangen kofi yana saye, wanda ya fid da rai yana sayarwa. A ranar 4 ga Nuwamban 2025 New York Jets ta rabu da manyan 'yan bayanta biyu cikin sa'o'i kaɗan. Sauce Gardner, wanda ta ba kwantiragin sama da dala miliyan 120 a watan Yuli, ya tafi Indianapolis Colts a kan guraben zagayen farko biyu da ɗan wasa ɗaya. Quinnen Williams kuma ya tafi Dallas, wadda ta bayar da gurbin zagayen farko na 2027, da na zagaye na biyu na 2026, da ɗan wasa ɗaya. Rarar guraben da musayar Parsons ta samar ita ce ta ba Jones ƙarfin shiga wannan ciniki.

Magoya bayan Dallas masu dogon tunani sun tuna da Oktoban 1989, shekarar da Jones ya sayi kulob ɗin. A lokacin shi da koci Jimmy Johnson sun miƙa wa Minnesota Vikings tauraronsu Herschel Walker, cikin cinikin da ya ƙunshi 'yan wasa da gurabe 18. An yi musu ca, kulob ɗin kuma ya gama kakar da nasara 1 da rashin nasara 15. Amma guraben da suka tara su ne suka kawo Emmitt Smith da Darren Woodson da Russell Maryland, kuma Dallas ta ɗauki kofin Super Bowl a farkon 1993 da 1994 da 1996. Minnesota ta sallami Walker a 1992 ba tare da ta kai wasan ƙarshe ba.

Wannan tarihi bai lamunce wa Jones nasara a karo na biyu ba, domin gurbin zaɓe alkawari ne kawai, sai an zaɓi mutumin kirki yake zama riba. Denver da Cleveland sun nuna yadda mai saye ke ƙonewa, Walker ya nuna yadda mai sayarwa ke cin gajiya, kuma a duka ukun sai da aka shekara biyu ko uku kafin gaskiya ta bayyana. Matasan da za a auna cinikin Parsons da su, a ranar da aka ƙulla shi suna jami'a, ba su ma san sunansu zai shiga lissafin ba.